Wata Yarinya Ce Nan Gidanmu

Wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Gara in faɗa da bakina kafin jikokina su riga ni, don su in suka tashi ba da shi har ƙari suke yi, su ce wai na suma a bisa benci. Ban suma ba. Zama na yi, zama irin na dattijon kirki, kuma zaman nan ne ya kusa kashe mutum biyu.

A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe, har mu da ke wani ɗan ƙauye bayan Ketare mun jiwo ƙamshinsa daga nesa. Aka fara zuba tsakuwa a hanya, takin zamani ya zo cikin buhu, samari suka watse birane aikin gini. Ni kuma rabona babur ne. Ina aikin ɗora buhu bisa sikeli a fulotin auduga, na ɗan taɓa elementare kafin mahaifina ya lura gona ta fi malamai buƙatata, daga baya na ƙara da yaƙi da jahilci. Wannan ilimi, in ka haɗa shi da babur, a ƙauyenmu ya kusa kai matsayin alƙali.

Waya kuwa babu. 'Yan sandan Kankara suna da oba-oba, amma wannan tsakaninsu ne da manyansu. Abin da talaka ke da shi kuwwa ce, in gobara ta tashi ko ɓarawo ya shigo, sai kuma wata farar motar asibiti mai dogayen ƙafafu da aka ajiye a ɗakin shan magani na Kankara. Ita ke zuwa Yargoje, ita ke leƙa ƙauyukan wajen Faskari in tasu ta kwanta, an ce har can Damari ta taɓa zuwa ɗauko wani da sa ya soka. Mota ɗaya ce, ƙasa kuwa da faɗi. Don haka ba wanda ya riga zuwa ake ba ba, wanda nasa ya fi tsanani ake ba. Malamin asibiti ne ke aunawa, kuma da abin da ya ji daga bakin mai kawo rahoto yake aunawa, tunda shi bai ga majinyacin ba.

Mai unguwarmu ya ɗora mini wannan aiki na kai rahoto, saboda babur da kuma ilimin da na ambata. Na riƙe shi da hannu biyu. Ba taron suna, ba gindin bishiya da ban tsaya na koya wa mutane yadda ake yi ba: ka faɗi wane ne, ka faɗi abin da ya same shi yadda yake, ban da kwana-kwana, ban da doguwar gaisuwa. Har kwaikwayon mutanenmu nake yi ana dariya, yadda mutum zai je neman taimako ya tsaya tambayar lafiyar awaki. Kuma ba cika baki ba, na iya aikin. Na kai rahoton wanda maciji ya sara a gonar gyaɗa, mota ta zo ya rayu. Na kai na matar da fitila ta kama wa zane. Malamin asibiti da kansa ya taɓa cewa da kowa kamar ni ne da aikinsa ya yi sauƙi. Wannan magana na yi ta yawo da ita har ta kusa tsufa a bakina.

To, ina da ɗiya, ta fari. Ku yaran yanzu da ke saɓa ɗan fari a kafaɗa kuna zagaya gari kuna kiran sunansa kamar masu talla, ba za ku gane ba. Mu a wurinmu ɗan fari na kunya ne. Tunda aka haife ta ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba. Yayata ce ta goye ta, wadda ta dawo gidana da zama bayan rasuwar mijinta. In dole ta kama in yi maganar yarinyar, sai in ce waccan, ko ta ɗakin Yaya. Uwarta ma haka, har ta fi ni. Ba ƙiyayya ba ce. In ta yi zazzaɓi ni ma abinci ba ya shiga, amma sai in ce miyar ce ba gishiri.

Ta yi aure, ta samu ciki, aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Mijinta yana can Kaduna yana ɗaukar siminti.

Tsakiyar damina ne, gero ya kai kafaɗar mutum. Tun jiyan ranar na ga ungozoma ta shiga ɗakin Yaya ba ta fito ba, gidan kuma ya yi wani irin shiru. Na san abin da ake ciki, amma sanin ba nawa ba ne, don haka ban sani ba. Da gari ya waye na zauna cikin zaure ina goge babur ɗin da ba shi da datti. Can bayan rumbu ina jin matata tana daka. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ƙarar turmi mai hatsi, ya san ta turmin da ba komai cikinsa. Turmin nan ba komai cikinsa. Ita ma ba ta da ikon shiga, ba ta da ikon tambaya, sai ta samu abin bugawa.

Da hantsi Yaya ta shigo zauren, hannuwanta a jiƙe har gwiwa. Ba ta gaishe ni ba.

"Tashi ka ɗauko mota. Hannun ɗan ya hito, sauran jiki ya ƙiya. Ungozoma ta ce abin ga ya hi ƙarhinta."

Ta nuna mini gabas da haɓa. Hadari ne ya fara haɗowa, baƙi, can ƙasa-ƙasa. Ba sai ta yi bayani ba. Tsakaninmu da babbar hanya akwai rafi mai yashi. Da rani yara ke wasa cikinsa, amma in aka yi ruwa mai ƙarfi a tudu, sai ya cika ya tumbatsa, ko raƙumi ba ya ƙetarewa sai washegari. In mota ba ta shigo ta fita kafin ruwan nan ba, to ba mota.

Na tayar da babur. Lokacin da na ƙetare rafin ruwansa bai wuce idon sawu ba. A hanya ina ta bitar abin da zan faɗa, da ƙarfi, iska na kwashewa. Mace ce, naƙuda tun jiya, hannu ya fito. Magana ce da ba ta kai tsawon sallama ba. Na maimaita ta har Kankara ba tuntuɓe.

Na tarar da barandar ɗakin shan magani cike da mutane. Farar motar tana gindin darbejiya, direba yana zuba mata ruwa a lagireto. Raina ya ɗan kwanta. Sai na duba bencin nan, na ga fuskokin da na sani: mutum biyu da muke aikin fuloti tare, wani mahauci da nake sayen nama wurinsa, da wani dattijo abokin mahaifina da ya zo wankin ido. Duk suka matsa suka ba ni wuri, suna cewa ga malamin rahoto ya iso, yau kuma wa maciji ya sara. Malamin asibiti ya fito yana goge hannu. Saurayi ne, sa'ar mijin yarinyar, ko ma ƙaninsa. Ya tsaya gabana, kowa yana jiran ya ji.

Ni da ke hana mutane doguwar gaisuwa, sai ga ni ina tambayarsa gajiya, da aiki, da ruwa, da mutanen gida. Ya amsa a gaggauce ya ce me ke tafe da ni. Na buɗe baki, maganar da na yi ta bita tana nan kan harshe, amma a gabanta akwai dattijon nan da ya san ranar da aka haife ni, akwai yaron nan da na isa haifa. In tsaya gabansu in ce ɗiyata, ta fari, in ambaci naƙuda, in ambaci inda hannu ya fito? Abin da na ji bakina ya faɗa shi ne:

"Wata yarinya ce nan gidanmu ba ta jin daɗi."

Ya tambayi abin da ke damunta, na ce lalura ce irin ta mata. Ya ce tun yaushe, na ce an ɗan jima. Ya dube ni, don ya saba da ni ina zubo bayani tun kafin in kashe babur. Ya ce to yaya jikin nata yanzu. Ni kuma na ba shi amsar da aka koya mini tun ina yaro, wadda ake bayarwa ko da mutum yana shure-shuren mutuwa. Na ce da sauƙi.

Ana cikin haka wani mutumin Yargoje ya faɗo da keke, ko tsayar da shi bai yi ba, ya sake shi ya faɗi. Ƙanensa ne ya faɗo daga bisa itace yana sarar wa shanu ganye, ƙafa ta karye. Wannan mutum bai yi elementare ba, bai yi yaƙi da jahilci ba, amma ya kwatanta ƙarar ƙashin, ya nuna da hannu yadda tafin ƙafar ya juya yana kallon baya, har mahauci ya kawar da kai. Malamin asibiti ya yi abin da kowane mai hankali zai yi. Ga karaya, ga wata yarinya mai sauƙi. Ya ce mota ta fara zuwa Yargoje, in ta dawo ta biya ta wajenmu.

Direban, wani siririn mutumin Damari mai yawan tsaki, ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce shi dai ya san rafin bayan Ketare, ya taɓa kwana bakinsa, in ya tafi Yargoje ruwan nan ya sauko, kada kowa ya sa ran ganinsa a ƙauyenmu yau. Malamin asibiti ya juyo wurina.

"Malam, naka zai iya jira?"

Allah ya sake buɗe mini ƙofa, har da riƙe mini ƙyaure. Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, rana ta ɓace. Ina ganin ɗan hannun nan a zuciyata, ƙarami, ban san ko yana motsi ba. Na dubi dattijon, ya dube ni da idonsa ɗaya da ba a ɗaure ba. Na ce Allah shi na nan. Na zauna bisa bencin, na gyara riga.

Direba ya rufe bakin mota, mutumin Yargoje ya ɗora kekensa a baya. Ta tashi da tari, ta ja da baya, ta miƙe ta nufi ƙofa. Ina kallo. Na san in ta fita ƙofar nan ta karya hanyar Yargoje, abin da ya rage mini shi ne in koma gida in nemi masu haƙa kabari. Na san wannan sarai, kuma ban tashi ba. Wannan wurin ne jikokina ke cewa na suma, kuma wani lokaci nakan ce da ma suman na yi, da na samu abin faɗa.

Sai wata tifa mai ɗaukar tsakuwa ta ci birki a bakin ƙofar ta toshe rabin hanya. Yaya ta sauko daga gabanta, takalmi ɗaya a ƙafa, mayafi ɗaure a ƙugu kamar mai zuwa sussuka. Daga baya na ji yadda aka yi. Ina fita ta tsaya ta yi tunani, ta tuna lokacin da yarinyar ta yi ƙyanda tana ƙarama, na zo bakin ɗaki na tambayi yadda mutanen ciki suka kwana. Ta ce wannan bakin ba zai kawo mota ba. Ta yi kuwwa, maƙwabcinmu Bamaguje da gonarsa ke jikin tawa ya fito, ya goya ta a keke har bakin hanya, ta tsaya tsakiyar tsakuwa ta ware hannu sai da tifa ta tsaya.

Haka ta ware wa motar asibiti hannu. Direba ya yi tsaki ya leƙo. Ba ta kula shi ba, ni ma ba ta dube ni ba, malamin asibiti ta nufa.

"Ɗan nan, mi mutumen ga ya hwaɗa maka?"

Ya gaya mata, kalma da kalma, har da sauƙin. Ta faɗi nata, a gaban mahauci, a gaban dattijo, a gaban duk wanda ke da kunne. Ta ce tun jiya ake abu ɗaya, ta ce hannu ya fito ya fara canza launi, ta ce yarinyar ta bar yin nishi, kuma barin nishin ne ya fi ba ta tsoro. Fuskar malamin ta sauya. Ya zo ya tsaya kaina, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce shi abu ɗaya yake so ya ji, wace ce yarinyar nan a wurina.

Ɗigon farko ya bugi kwanon rufi.

"Ɗiyata ce," na ce. "Ta fari."

Ban mutu ba. Ƙasa ba ta tsage ba. Dattijon nan da na kusa sayar da rai biyu don idonsa, sai ya ɗaga sanda ya ce me muke jira. Mutumin Yargoje ya sauke kekensa da kansa. Ya ce ƙafa ba ta kashe mutum kafin gobe, akwai maɗori a garinsu zai riƙe ta. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce Allah ya sawwaƙe masa karatun da zai ɗaure masa baki haka.

Na shige gaba da babur, mota na bina, Yaya da malamin asibiti na ciki. Kafin mu kai Ketare ruwa ya sauko, irin mai dukan fuska. Ba na ganin hanya, sanin ta kawai nake bi. Da muka iso rafi ya kai gwiwa, ja wur, yana ɗauke da karan dawa. Direba bai tsaya shawara ba, ya faɗa, ta fita. Ni na jefar da babur a gaɓa na bi da ƙafa.

A kan ƙyauren ɗaki aka fito da yarinyar, mata na riƙe da tabarma samanta saboda ruwa. Rabon da in dubi fuskarta kai tsaye har na manta. Leɓunanta sun yi fari. Ta buɗe ido ta gan ni, kuma a halin da take ciki, sai ta ja gefen zane ta rufe fuska. Uwarta na tsaye bakin rumbu da taɓarya a hannu, ruwa na dukanta, ba ta matso ba.

A komowa rafin ya zama wani abu daban. Mazan ƙauye sun taru a gaɓa, har da Bamagujen nan da 'ya'yansa da igiyar shanu. Direba ya ce in an jira ƙaruwa zai yi, a yanzu ko a fasa. Mota ta shiga, ta kai tsakiya, ƙafafun baya suka nutse cikin yashi. Ruwa ya fara dukan ƙofa, mota tana karkata. Muka faɗa gaba ɗaya, wasu na ja da igiya daga gaba, mu muna turawa daga baya, ruwa har ƙirji, yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Fuskata na manne da ƙofar baya, tsakanina da yarinyar ƙarfe ne kawai. A nan na kira sunanta, da ƙarfi, na ce ta riƙe. Ruwa na ruri, inji na ruri, ba wanda ya ji. Ko kuma sun ji sun yi mini kara, don har yau ba wanda ya tayar mini da maganar. Motar ta yi wani yunƙuri ta kama tudu.

Babban asibitin Malumfashi aka wuce da ita, aka yi mata aiki. Na zauna waje da jiƙaƙƙiyar riga har ta bushe a jikina. Ta rayu, ɗan ma ya rayu, namiji. Hannun da ya riga leƙo duniya bai taɓa kai ɗayan ƙarfi ba, da hagu yake riƙe fartanya har ya girma. Duk lokacin da na ga haka nakan tuna bencin nan, ban kuma taɓa tambayar likita ko zaman da na yi ne ya jawo ba, don ina tsoron amsar. Mota ta je Yargoje washegari. Mutumin nan mai keke kuwa, in muka haɗu a kasuwar Kankara, daga nesa yake ɗaga murya yana tambayata jikin wata yarinya.

Ranar da aka sallamo su, maza suka zo barka, aka shimfiɗa babbar tabarma ƙofar gida. To, mutum da bakinsa, ga jama'a, ga goro. Na ba da labarin, na ɗan gyara shi inda ya kamata. Na faɗi gudun da na yi cikin ruwa, na faɗi turin mota. Na ce abin da ya fi mini daɗi shi ne an samu biyu, an ceci rai, kuma ni ban zubar da kunyar da iyayenmu suka bar mana ba sai da aka matsa mini. Mai unguwa na gyaɗa kai, wasu na cewa haka ne, dattako ke nan.

Ashe Yaya na cikin zaure, ta kawo ƙwaryar fura. Ta ajiye ta bakin ƙofa, ta miƙe, ta dubi tabarmar, sannan ta dube ni.

"Tabarmar ga da kake zaune bisa, da mun biye maka, ita za a shimhiɗa maka ka amshi gaisuwar mutuwa. Can ma in an tambaye ka wa ya rasu, sai ka ce masu wata yarinya ce nan gidanmu."